Yaushe Ya Kamata a Ta da Injin Niƙa?

A karkarar arewacin Kano, wajen Bichi da Ɗambatta da Kunci, inda gona ke haɗe da gona, da wuya a sami gari babu injin niƙa. Mai injin kuwa kullum yana fama da tambaya guda: yarinya ta zo da ƙwaryar gero, ya ta da inji saboda ita kaɗai, ko ya jira niƙa ya taru? In ya tayar, mai ya ƙone a kan tiya ɗaya, ga shi tun da aka janye tallafin fetur a 2023 wannan asara ta ƙara nauyi. In ya jira, tuwon dare ya makara a gidan mutane. Abin da ya sa matsalar ta yi wuya shi ne bai san wanda ke tafe ba.

Masana lissafin kwamfuta sun daɗe da nazarin irin wannan hukunci da ake yankewa ba tare da sanin abin da ke gaba ba. Tun 1966 Graham ya duba rabon ayyuka ga injuna, sa'an nan a 1985 Sleator da Tarjan suka kafa ma'aunin da ake bi: a gwada hasarar mai aiki a duhu da ta wanda aka ba jerin masu zuwa tun da asuba.

Ƙa'idar da muke so mu bayyana mai sauƙi ce. A ƙiyasta kuɗin ta da inji da mintocin jira, alal misali minti 30. Sai a riƙa tara jiran kowa da kowa, da zarar jimla ta cika 30 a tayar. Yarinya ɗaya ta zauna minti 10, sai uku suka iso. Yanzu kowane minti huɗu ne, don haka bayan minti 5 an cika. Watau ran kasuwa injin zai tashi da wuri, ranar da ba kowa kuma mutum ɗaya ba zai wuce rabin awa ba.

Dooly da Goldman da Scott sun nuna a 1998, a kan saƙonnin intanet, cewa hasarar mai bin wannan ƙa'ida ba ta wuce ninki biyu na ta mai jerin nan ba. Dalili kuwa, a kowane zango shi ma mai jerin dole ko ya ta da inji, ko ya bar mutane su yi wannan jiran. Babu kuma wata tsayayyiyar ƙa'ida da ta fi haka.

Sai dai lissafin ya ɗauka duk jira ɗaya ne, mu kuwa a ganinmu jiran la'asar a watan azumi ya fi na hantsi tsada ƙwarai, kuma ya kamata a rage 30 ɗin a lokacin. Ga kuma mai injin unguwar gaba, wanda yarinyar za ta iya ɗaukar ƙwaryarta ta tafi wurinsa.