Gyaran Kabureta A Meiganga: Wanki Ko Sabuwa?

Duk ɗan kasuwar da ke ɗaukar kaya a babur daga Meiganga zuwa kasuwar shanu ta Ngawi, ko Garwa Bulai da ke bakin iyakar Afirka ta Tsakiya, ya san ciwon kabureta. Babur ya ƙi tashi da safe, ko ya riƙa shaƙewa yana baƙin hayaƙi, mai kuma yana tafiya kamar ana zubarwa.

A shagon dila kuɗin kashi biyu ne, na kaya da na aiki. Sau da yawa ba sa tsayawa wanki, sai su ce a sa sabuwa, a nan ne kuɗin ke tsalle. Makanikin bakin titi kuwa zai kwance ta, ya wanke da fetur, ya busa ƙananan hudojin da datti ya toshe, ya daidaita iska da mai. Sai dai in allurar da ke tsayar da mai ta cinye, wanki ba ya magani, kwana biyu ka dawo. Mai sabon babur kuma ya lura, garantinsa na iya faɗuwa in wani hannu ya taɓa injin.

Yawanci dai daga mai cutar take. Nijeriya ta janye tallafin fetur a Mayun 2023, man fasa-ƙwauri da ake kira zuwa-zuwa ya yi tsada, sannan a Fabrairun 2024 Kamaru ta ɗaga lita daga sefa 730 zuwa 840. Man kwalba kuwa akan same shi da ruwa ko kananzir, ga ƙurar rani. Kafin ka biya kuɗin sabuwa, ka ce a buɗe tsohuwar a gabanka, a nuna maka abin da ya lalace.