Tsofaffi da Matasa a Amurka: Abin da Ya Raba Tsara Biyu

Idan kana sauraron rediyo ko kana shiga intanet, ba mamaki ka taɓa jin an kira wani dattijo “buma”, ko an kira matasa irinka “Jen Zi”. Waɗannan sunaye daga Amurka suka zo, kuma suna da tarihi. A wannan darasi za ka ga yadda tsofaffin wannan ƙasa da matasanta suka bambanta wajen aiki da zaman duniya, da kuma dalilin da ya sa kowane ɓangare yake ganin laifin ɗaya.

Da farko ka riƙe kalmar “tsara”. A Hausa, tsaranka shi ne wanda kuka tashi tare, shekarunku ɗaya ko kusa da haka. Ana kuma ce masa “sa’a”. A nan za mu faɗaɗa ma’anar kalmar ta ƙunshi dukkan mutanen da aka haifa a zamani guda, suka ga abubuwa iri ɗaya suna girma.

An gama Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1945. Miliyoyin sojojin Amurka suka koma gida, suka yi aure, suka shiga haihuwa. A shekarar 1946 kaɗai an haifi jarirai kimanin miliyan 3.4, a 1957 kuwa adadin ya kai kimanin miliyan 4.3. Daga 1946 zuwa 1964 an haifi yara kusan miliyan 76. Su ne ake kira “bebi buma”, wato ’ya’yan ambaliyar haihuwa. Shugabannin Amurka uku, Bill Clinton da George W. Bush da Donald Trump, duk a 1946 aka haife su. Barack Obama ma ɗan wannan tsara ne, domin haihuwar 1961 ne.

Waɗannan yara sun buɗe ido cikin yalwa. Yaƙi ya rusa masana’antun Turai da na Japan, amma na Amurka suna nan daram, saboda haka duniya ta koma sayen kayanta. Tun a 1944 gwamnati ta yi doka wadda ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, ta kuma sauƙaƙa musu samun bashin sayen gida. Aka gina sababbin unguwanni a bayan gari. A Levittown da ke jihar Niyok an gina gidaje fiye da 17,000 daga 1947, ana sayar da kowanne a kan ƙasa da dala 8,000 a farkon lokacin. Sai dai ka lura da wani abu: ba kowa aka buɗe wa wannan ƙofa ba. Baƙar fata ba a yarda su sayi gida a Levittown ba, kuma da yawa daga cikin tsofaffin sojoji baƙar fata bankuna sun hana su bashin da doka ta tanada. Don haka idan aka ce ’yan wannan tsara sun ji daɗi, ba dukansu ake nufi ba.

Da suka isa neman aiki, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin 1980, sun tarar da wani tsari da ya riga ya kafu. Saurayi mai takardar sakandare kawai yana iya samun aiki a masana’antar motoci ta Ford ko General Motors a birnin Ditiroyit, albashinsa ya ciyar da iyali, ya biya bashin gida. Ƙungiyoyin ƙwadago suna da ƙarfi: a 1983, ma’aikaci ɗaya cikin biyar ɗan ƙungiya ne. Manyan kamfanoni da yawa kuma suna biyan fansho. Ka yi wa kamfani aiki shekara talatin, shi kuma ya riƙa biyanka wani abu kowane wata har ranar mutuwarka. To, wanda ya tashi cikin irin wannan tsari, me zai koya? Zai koyi cewa haƙuri yana biya, cewa sammako zuwa ofis da daɗewa a wurin aiki su ne alamar mutumin kirki, cewa ƙarin girma yana zuwa ga wanda ya jira. Matan wannan tsara kuma su ne suka fita aiki da yawa fiye da iyayensu: a 1950 kusan mace ɗaya cikin uku ce take aikin albashi ko nemansa, a 1999 kuwa mata shida cikin goma ne.

Kada ka ɗauka ba su sha wuya ba. An kwashi samarinsu da dama zuwa yaƙin Biyetnam ba da son ransu ba, inda Amurkawa fiye da 58,000 suka mutu. A 1980 hauhawar farashi ta haura kashi 13 cikin 100. A 1981 kuɗin ruwa a kan bashin gida ya wuce kashi 18 cikin 100, a ƙarshen 1982 kuma rashin aikin yi ya kusa kai kashi 11 cikin 100. Shi ya sa dattijon Amurka yakan ji haushi idan aka ce masa komai a ɓagas ya samu.

Yanzu mu dubi matasa. Wata cibiyar bincike mai suna Pew ta kasa su gida biyu: waɗanda aka haifa daga 1981 zuwa 1996, ana ce musu “mileniyal”, wato ’yan sabon ƙarni, da waɗanda aka haifa daga 1997 zuwa 2012, su ne “Jen Zi”. Akwai tsarar da ke tsakani, ta 1965 zuwa 1980, amma ba kasafai ake sa ta cikin wannan gardama ba.

Kafin ’yan sabon ƙarni su girma, tsarin nan ya fara zaizayewa. Masana’antu da yawa sun rufe ko sun koma ƙasashen da lada yake da araha. Yau ma’aikaci ɗaya cikin goma ne kawai ɗan ƙungiyar ƙwadago. Wata dokar haraji ta 1978 ta haifar da asusun ritaya da ake kira 401(k), wanda a hankali ya maye gurbin tsohon fansho a yawancin kamfanoni. Bambancin yana da girma. A tsohon tsari, kamfani ne yake ɗaukar alkawarin biyanka. A sabon tsari, kai ne kake tara kuɗinka, kamfani ya ɗan ƙara maka idan ya ga dama, a zuba kuɗin a kasuwar hannun jari. Idan kasuwa ta faɗi, asarar taka ce. Kuma idan ka bar kamfanin, kana tafiya da asusunka. Ka ga ke nan igiyar da ta ɗaure ma’aikaci da kamfani ɗaya ta tsinke.

An gaya wa waɗannan matasa cewa digiri shi ne mabuɗi. Suka tafi jami’a da kuɗin bashi, har bashin karatu a Amurka ya haura dala tiriliyan 1.6. Da yawansu suna fitowa ke nan sai tattalin arziki ya karye: bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na 2008, a Oktoba na 2009 kuma rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100. Kuɗin gida, wanda a shekarun 1990 ya kai kamar ninki uku na abin da matsakaicin iyali yake samu a shekara, yanzu ya kai wajen ninki biyar. Wanda bai da gida kuma yana bin bashi a wuya ba ya gaggawar aure. A 1970 yawancin maza suna auren fari da shekara 23, mata da kusan 21; yanzu maza sai sun kai wajen 30, mata 28.

Ƙari a kan haka, su ’ya’yan wayar hannu ne. Facebook ya fito a 2004, iPhone a 2007. Aiki kansa ya shiga waya: wani yana tuƙa Uber, wani yana rubuta manhaja daga ɗakinsa. Da annobar korona ta zo a 2020, miliyoyin ma’aikata suka koma aiki daga gida, a 2021 kuma mutane fiye da miliyan 47 suka ajiye aikinsu, yawancinsu don kama wani da ya fi. Matashi yana tambaya: idan na gama aikina da kyau, mene ne amfanin zama a ofis har magariba? Dattijo yana jin wannan tambaya kamar lalaci. Shi kuma matashin yana ganin dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba. Daga nan ne kalmar “OK buma” ta bazu a 2019, wato “to, mun ji, tsoho”. A watan Nuwamba na shekarar, wata ’yar majalisa mai shekara 25 a ƙasar Niyuzilan, Chlöe Swarbrick, ta jefa wa wani ɗan majalisa ita lokacin da ya katse mata magana a kan sauyin yanayi.

Amma ɗalibi mai hankali ba ya karɓar kowace magana ba tare da ya auna ta ba. Ana cewa matasan yanzu ba sa zama a aiki ɗaya. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta bi diddigin mutanen da aka haifa daga 1957 zuwa 1964 na tsawon shekaru, ta gano cewa a matsakaici kowannensu ya yi ayyuka kimanin 12 a rayuwarsa, kusan rabinsu kafin ya cika shekara 25. Ashe su ma sun yi ta sauya sheƙa a ƙuruciyarsu. A ganina, rabin abin da ake kira bambancin tsara bambancin shekaru ne kawai, wanda zai gushe idan matasan suka manyanta. Sauran rabin kuwa na gaske ne, kuma na kuɗi ne: babban bankin Amurka ya nuna cewa kusan rabin dukiyar iyalan ƙasar tana hannun ’yan ambaliyar haihuwa.

Duk da wannan gardama, ba wanda zai iya rabuwa da wani. Fanshon gwamnatin Amurka, wanda aka kafa a 1935, daga harajin masu aiki a yau ake biyansa. A 1960 ma’aikata biyar ne suke ɗaukar nauyin mutum ɗaya mai karɓa. Yanzu ba su kai uku ba. Na farkon ’yan ambaliyar haihuwa sun cika shekara 65 a 2011, kuma kafin 2030 dukansu za su kai. Albashin matashin da ake kira malalaci shi ne yake biyan fanshon dattijo, gidan dattijon kuma shi ne matashin yake fatan gada.

A ƙarshe, ka yi hattara wajen ɗora waɗannan sunaye a kan mutanenmu. Ɗan Nijeriya da aka haifa a 1950 bai tashi a Levittown ba. Ya ga samun ’yancin kai a 1960, ya ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ya ga kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974, sannan ya ɗanɗani tsuke bakin aljihu daga 1986. A wani wuri dai hanyoyin sun haɗu, domin dokar fansho ta 2004 ta mai da ma’aikatanmu su ma masu tara wa kansu kuɗin ritaya. Kafin darasi na gaba, nemi wani dattijo ko dattijuwa a gidanku ko a unguwarku, ka gaishe su da ladabi, ka tambaye su aikinsu na farko, da albashinsu na farko, da abin da wannan kuɗi yake iya saya a lokacin. Rubuta amsar da Hausa a cikin jimloli goma, ka zo da ita aji.