Karen Farauta Da Halaccin Naman Zomo

 

Ku sani, ya 'yan'uwa, farauta tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano, domin tarihi ya ambaci mazaunan Dutsen Dala na farko da ita. Har yau kuwa, idan kaka ta wuce, aka kai amfanin gona rumbu, mazaunin Ƙofar Nassarawa ba ya bukatar a gaya masa lokacinta ya yi. Da sassafe za a ga motoci maƙil da samari da karnuka, ana kaɗa gangi, sun nufi daji. A da bayan ganuwa gonaki ne, amma yanzu gini ya cinye su, har gadar sama ta ratsa bakin ƙofa, sai an yi nisa wajen Rano ko Gaya kafin a tada zomo. Da yamma su komo da nama a rataye, waɗansu su kai gida, waɗansu su sayar. To, a nan tambaya ta ke tasowa, wadda 'yan kasuwa su kan kawo zaure: shin zomon da kare ya kashe ya halatta a ci?

Amsa ita ce, ya danganta ga karen da kuma mai karen.

Shi zomo a kansa halal ne. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Anas ɗan Maliku ya kama zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka, aka aika wa Manzon Allah (S.A.W.) da cinyarsa, ya karɓa. Shi kuma kare, aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta abin da ya kamo, da sharaɗin ya zama horarre, watau wanda aka koya wa aikin. Malamai sun daɗe suna jan hankalin almajirai da wannan wuri. Ga karnuka biyu, uwarsu ɗaya, amma abin da mai horo ya kashe abinci ne, abin da marar horo ya kashe mushe ne, ba kuwa abin da ya raba su sai ilmi.

Horarre a wurin malamanmu Malikawa shi ne wanda in an cuna shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Sa'an nan ga sharuɗɗan mai karen, kamar yadda Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halilu su ka jera su. Tilas ya saki karen da kansa, da niyya, ya ambaci sunan Allah sa'ad da ya ke sakinsa. Karen da ya zabura don kansa, ba wanda ya aike shi, ba a cin abin da ya kashe. Tilas kuma karen ya ji wa zomon rauni har jini ya fita. In bangaje shi ya yi ko ya danne shi ya mutu ba rauni, mushe ne a bisa mashahurin zance. Tilas mai karen ya bi sawu ba da nawa ba, da wuƙa a jikinsa. In ya iske zomon da ransa, haƙori bai taɓa makasa ba, sai ya yanka. In kuwa ya bar wuƙarsa cikin jaka ko a hannun yaro, zomon ya mutu kafin a kawo ta, ya yi hasara. Haka nan in wani kare marar horo ya shiga cikin kamun, ba a san wanda ya kashe ba, sai a bar shi. Abu ɗaya Imamu Maliku ya sauƙaƙa wanda Shafi'i da Abu Hanifa su ka tsananta: in kare ya ci wani abu daga naman, a wurinmu sauran ya halatta.

Yanzu fa a auna wannan da farautar gayya da a ke yi a zamaninmu. Karnuka barkatai, an sake su gaba ɗaya cikin ihu, ba wanda ya san nasa daga na wani. Zomo ya faɗi, kafin a tuna da wuƙa an zare gora da barandami a kan wane ne mai shi. Wanda ya fi ƙarfi ya rataya. Ni dai ban ga ta inda irin wannan nama zai tsira daga shubuha ba. Ga kuma zomon da a ke jifa da kere: wanda kere ya kashe bugaggen dabba ne, ba ya ciyuwa sai an riske shi da rai an yanka, alhali kwanya ba ta fashe ba, lakar baya ba ta tsinke ba. Zomon gida kuwa, irin wanda a ke kiwo a keji, ba ruwansa da wannan babi ko kusa, yanka kaɗai ke halatta shi.

Saboda haka horon kare aikin addini ne ga wanda ya ɗauki farauta sana'a. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kwikwiyo yana wata biyu, an raba shi da nono, a ke sa masa suna, a riƙa kiransa da murya ɗaya da fito iri ɗaya, in ya zo a ba shi ɗan abin taɓawa. Wannan kira shi ne alif da ba na karatunsa, duk wanda ya tsallake shi ya ɓata sauran. Cuna kare abu ne mai sauƙi, domin bin abin da ke gudu halinsa ne. Tsayar da shi yana tsakiyar gudu shi ne aiki, shi ne kuwa abin da yawancin samari ba su da haƙurin koyarwa. Bayan haka sai a ɗaura fatar zomo a igiya a ja ta cikin ciyawa, ya koyi sansana sawu, ya koyi kamawa ya saki in an ce ya saki. In ya tasam ma shekara, ƙashinsa ya yi ƙwari, sai a fita da shi bayan tsohon kare, yana ɗaure, ana sakinsa jefi-jefi. Zomon daji ba ya haƙa rami, kwanciya ya ke yi a gindin ciyawa ya lafe, sai an kusa taka shi ya zabura, yana gudu yana zulliya. Kwikwiyo ya kan wuce shi a kwana, tsohon kare kuwa ya kan yanke masa hanya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, shi ya sa Buzayen Azawak su ke alfahari da karnukansu masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki. Namu na gida bai kai su sauri ba, amma yana da hanci da jimirin rana. Duka ba ya ƙara masa komi sai tsoro, kare matsoraci kuwa in ya kama zomo gudu ya ke da shi cikin duhuwa ya cinye.

Wani zai ce, yaya malami ke maganar kiwon kare alhali ga hadisin ragin lada? Hadisin gaskiya ne: wanda ya ajiye kare ana rage masa ƙiraɗi na lada kullum, a wata ruwaya biyu, amma an togace karen farauta da na kiwo da na gona. Kuma a mazhabar Maliku kowane mai rai tsarkakakke ne, har kare da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki bauta ce da a ka umurce mu da ita. Sayar da shi ne a ka yi saɓani. Mashahurin zance hani ne, amma Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 240 bayan Hijira, ya halatta sayar da wanda a ka yi izinin riƙonsa. Wanda ya kashe wa mutum irin wannan kare kuwa, sai ya biya ƙimarsa.

Wanda a ka yi wa izinin riƙo an ɗora masa haƙƙi. Al'adar nan ta hana kare abinci kwana biyu wai don ya yi zafi a daji zalunci ne, mayunwacin kare kuma shi ne mai yaga nama. A ba shi tuwo da romo da ɗan nama kullum, da ruwa a kaskonsa na kansa, da inuwa. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki ya ke fitar da zafi, don haka a bazara farautar hantsi ta isa, a tafi masa da ruwa. In an dawo a duba tafin ƙafarsa saboda tsidau da ƙarangiya, a cire kaska daga kunnuwa da tsakanin yatsu. Kada a jefa masa ɗanyen kayan cikin zomo, domin ta nan ya kan ɗauki tsutsar ciki. A dafa tukuna.

Mafi girman haƙƙi shi ne allurar ciwon haukan kare, domin wannan ya shafi rayukan maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, yara kuwa suna da yawa a ciki. Tun 1885 wani masani a Faransa, Luwi Fasto, ya fara yi wa mutum rigakafinsa, a ƙasar nan kuma ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom tana haɗa allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, a maimaita kowace shekara a asibitin dabbobi. Laya a wuyan kare ba ta tsaya a madadinta. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru, domin in alamun ciwon su ka bayyana magani ya ƙare. Shi kuma karen, in yana da mai shi, a ɗaure shi kwana goma ana ba shi abinci ana lura da shi, a sanar da likitan dabbobi in halinsa ya sauya ko ya mutu.