Injin Busar da Hatsi da Lissafin da ke Cikinsa

Jama'a, kowane manomi ya san wahalar shanya. Ka yanke shinkafa, ka baza ta, sai hadari ya taso. In ka zuba ta a buhu da danshi, za ta yi zafi ta yi fumfuna. A masara da gyaɗa, fumfuna kan haifar da guba mai lalata hanta.

A ƙasar Tailan, inda ake girbin shinkafa har cikin damina, injiniyoyi sun ƙera wani inji tun shekarun 1990. A cikinsa akwai faranti mai ƙananan huji kamar rariya. Ana zuba shanshera a kai, a hura iska mai zafi daga ƙasa. Zafin iskar yakan wuce na tafasasshen ruwa. Ƙarfinta yana ɗaga ƙwayoyin, su yi ta tsalle kamar tukunya na tafasa. Ta haka iska ke taɓa kowace ƙwaya ta ko'ina. Cikin 'yan mintoci ruwa mai yawa ya fita.

To, ina lissafi ya shigo? Hatsi ba ya bushewa bai ɗaya. Ruwan da ke bayan ƙwaya yana fita da sauri. Na can ciki kuwa sai a hankali. A ce minti 2 na farko sun cire rabin ruwan da zai fita. Minti 2 na gaba ba za su cire sauran duka ba, sai wajen rabinsa. A 1949 wani ɗalibi mai suna Page, a Jami'ar Purdue ta Amurka, ya yi gwaji da masara. Ya fitar da ƙa'idar lissafi da har yau ake aiki da ita. Da irin wannan lissafi ake sanin lokacin da za a fitar da hatsi daga inji.

Wannan sani yana da muhimmanci. In shinkafa ta daɗe a zafi, bayanta ya bushe cikinta da danshi, sai ta tsage. A wajen casa ta kakkarye, kuɗinta ya faɗi. Shi ya sa ake fitar da ita tun da sauran danshi, wajen kashi 18 cikin 100. Sai ta huta, sannan a ƙarasa a hankali.

Ga lissafin da ya shafi aljihunka, ko da a rana kake shanya. Ɗauki kilo 100 na shanshera mai ruwa kashi 25. Kilo 75 ne tsabar hatsi. In ta bushe zuwa kashi 14, wanda ya dace da ajiya, za ta koma wajen kilo 87. Wato kilo 13 ruwa ne ya tashi, ba wanda ya sace maka. Mai saye ya san wannan. Kai ma ka sani kafin ku yi ciniki.

Don gwada bushewa, zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba. Rufe, ka girgiza, ka bari ta ɗan jima. In gishiri ya manne a jikin kwalba, mayar da hatsinka shanya.