Kwana a Ɗakin Ƙanƙara a Arewacin Suwidin

A can ƙuryar arewacin Suwidin, kimanin kilomita 200 bayan an ƙetare da'irar Aktik, akwai wani ƙauye mai suna Jukkasjärvi a bakin kogin Torne, daf da Kiruna, garin masu haƙar tama. A nan ake gina otal da ƙanƙara duk shekara, mutane su biya kuɗi masu tsoka su kwana a ciki, gari ya waye su tashi garau. Wani ɗan ƙasar, Yngve Bergqvist, shi ya kafa harsashinsa a 1989. Da farko ɗakin baje kolin zane-zane aka gina da dusar ƙanƙara, sai wasu baƙi da suka rasa masauki suka roƙi a bar su su kwana a ciki. Daga nan abin ya zama sana'a.

A watan Maris, lokacin da ƙanƙarar kogin ta yi kauri, ake yanko manyan tubala masu nauyin kusan tan 2 kowanne, a adana su a rumbun sanyi. Da Nuwamba ta kama, sai masu sassaƙa daga ƙasashe daban-daban su hallara, kowa ya ƙawata ɗakin da aka ba shi. A buɗe a Disamba, zuwa Afrilu ginin ya narke ya koma kogi. Tun 2016 akwai wani sashe da ba ya narkewa, ana sanyaya shi da lantarkin hasken rana.

Sanyin cikin ɗaki ba ya nisa da digiri 5 ƙasa da sifiri, ko da a waje ya kai 30 ƙasa da sifiri. Kaurin bango ne ke tare iska, kamar yadda soron ƙasa ke hana zafin bazara shiga ɗaki.

Kafin dare ya yi, ma'aikata kan tara baƙi su koya musu ladubban kwanciya. Kaya dai ba sa shiga ɗakin ƙanƙara; a wani gini mai ɗumi da ke gefe ake barin su, kuma can ne bayi da wurin wanka suke. Saboda haka ake jan kunnen baƙo ya rage shan ruwa da yamma, ya kuma zaga kafin ya kwanta, don fita daga shimfiɗa da tsakar dare ba abin wasa ba ne.

Gadon kuwa, jikinsa ƙanƙara ne, amma an ɗora masa katako da katifa, sannan aka shimfiɗa fatun wata irin barewa mai rassan ƙaho da ake kiwo a yankin. A kan fatun ake ajiye buhun barci, wanda mutum zai shige ya ja zif har wuya, ya ɗaure bakinsa, hanci da baki kaɗai ke waje.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne da aka ce masa kada ya jibga tufafi. Riga da wando na ulu masu kama jiki, safa busassa, da hula, sun wadatar. Dalili kuwa, buhun ba shi da ɗumin kansa, zafin jikin mai shi yake tarewa. Wanda ya cika kaya zai yi gumi, gumin ya huce, sanyi ya kama shi daga ciki. Shi ya sa ake ƙin auduga, domin tana shan gumi ta riƙe, shi kuwa ulu ko ya ɗan jiƙe ba ya rasa ɗumi. Haka nan ba a cusa fuska cikin buhu, don tururin numfashi yana jiƙa shi. A wurin mutanen nan, laima ce abokiyar gaba, ta fi sanyin kansa haɗari.

Wannan ilimi ya girmi otal nesa ba kusa ba. Samawa, wato al'ummar Sami, makiyayan barewar da ke zaune a arewacin Norwe, Suwidin, Finlan da wani yanki na Rasha, sun daɗe suna kwana a kan dusar ƙanƙara cikin tantinsu mai tsini da suke kira lavvu. Sukan fara jera ƙiraren itace a ƙasa, su ɗora fatu a kai, murhu na tsakiya, hayaƙi na fita ta ƙofar sama. Gashin barewar kowane sili da rami a cikinsa, iskar da ke ciki ita ke hana sanyin ƙasa ratsowa. Takalmansu na fata ma, maimakon safa, busasshiyar ciyawar fadama suke dakawa ta yi laushi su cusa a ciki. Ciyawar ta tsotse gumin ƙafa, da dare a ciro ta a shanya kusa da wuta, da safe a mayar.

Da gari ya waye, ma'aikaci kan zo har bakin gado da kofin ruwan wasu jajayen 'ya'yan itacen daji masu tsami, da zafinsa. Daga nan sai ɗakin surace, inda ake zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi, tururi ya tashi, jiki ya saki. Bayan karin kumallo a miƙa wa baƙo takardar shaidar cewa ya kwana a ƙanƙara. Yawancin baƙi dare guda suke yi, sauran kwanakin su koma ɗakuna masu ɗumi.

Su kansu 'yan ƙasar ba sa ɗaukar wannan a matsayin wata bajinta. Suna da karin magana cewa ba yanayi ne ke da laifi ba, tufafi ne. Tun yaro yana jariri ake naɗe shi da kyau, a bar shi ya yi barcin rana a waje cikin kekensa, a tsakiyar hunturu. Wanda aka rena haka, da wuya ya girma yana tsoron sanyi, sai dai ya san yadda ake shirya masa.