Hervé Yamguen: Ɗan New Bell Da Ya Mai Da Bango Allo

Duk wanda ya taso daga PK 14 ya shigo New Bell, ba zai rasa ganin rubutu da zane a jikin bango ba. Da yawa daga cikinmu mukan ɗauka aikin yara marasa abin yi ne. To amma a cikin unguwar nan tamu akwai mutumin da ya ɗauki wannan aiki da muhimmanci, har sunansa ya kai ƙasashen waje.

An haifi Hervé Yamguen a Duwala a 1971. Mai zane ne, mai sassaƙa, kuma marubucin waƙoƙi. A zanensa na kan ƙyalle za ka ga fuskar mutum ta haɗu da jikin tsuntsu ko tsiro. A 1998 shi da abokansa huɗu, wato Blaise Bang, Salifou Lindou, Jules Wokam da Hervé Youmbi, suka kafa ƙungiyar Cercle Kapsiki. Daga ƙarshen 2002 zuwa farkon 2003 suka gayyato masu zane daga ƙasashe daban-daban, suka sauke su a New Bell, aka yi aikin a kan titi a gaban idon kowa.

A 2010, lokacin bikin Salon Urbain de Douala wanda cibiyar Doual'art ke shiryawa, Yamguen ya ɗauko kalmomi daga bakin matasan unguwa masu waƙar rap, ya kafa su a bangaye da fitilun lantarki. Batun bikin shekarar shi ne ruwa, kuma mu mazauna nan mun san abin da ruwa ke nufi: kwata ta toshe, damina ta shigo ɗaki, famfo kuwa babu ko ɗigo.

Me ya sa mai zane irin wannan yake aiki a bango, yake kuma yi a ƙyalle? Bango na kowa ne, mai kuɗi da ɗan acaɓa duk suna gani kyauta, sai dai ruwan saman Duwala ba ya barin fenti ya daɗe. Ƙyalle kuwa yana ajiyuwa, ana sayar da shi, amma da zarar an saya ya shige falon mai hali. A Amurka, Jean-Michel Basquiat ya fara da rubutu a bangayen New York, ya koma ƙyalle, ya rasu a 1988 yana da shekara 27. A 2017 aka sayar da zanensa guda a kan dala miliyan 110.5.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Magina a Zariya da Kano da Damagaram sun daɗe suna ƙawata fuskar zaure da dagi da sauran zayyana, har baƙo ya gane gidan mai daraja tun daga nesa. A nan Kamaru mun koma bulo da siminti, mun bar bango fayau, jikokinmu kuma ba su san wancan ado ba.

Saboda haka, iyaye, idan kun ga yaro da gawayi yana zane a bango, kafin ku ɗauko bulala ku duba abin da ya zana. Ku saya masa takarda da fenti, ku nuna masa dagi, ku koya masa neman izinin mai gida kafin ya taɓa bangon wani. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.