Firag a Kan Taya Biyu: Inda Batir Ke Kai Mutum da Inda Sai Ƙafa

Kafin ayari ya tashi, sai an yi gwaji. Jagora yakan tara baƙinsa a wani lungun da mota ba ta bi, ya miƙa wa kowa hular kwano, ya nuna masa totur da birki, sannan ya sa shi ya je ya dawo sau biyu ko uku. A nan ake gane wanda ya saba da keke da wanda rabonsa da hawa tun yana yaro. Bayan minti goma ko sha biyar sai a kama hanya a jere, jagora a gaba, baƙi na biye kamar raƙuman fatake. Babu rugugin inji, babu hayaƙi. Kunne ba ya jin komai sai karkarwar taya a kan dutse.

Haka yawon buɗe ido a kan sikuta mai lantarki yake farawa a Firag, babban birnin Jamhuriyar Cek, wanda mutanensa ke kira Praha. Yawon yakan ɗauki awa biyu zuwa uku, kuma a cikinsu baƙo yana iya cin kilomita goma ko fiye. Mai tafiya a ƙafa, wanda da ƙyar yake wuce kilomita biyar a awa, sai ya ƙarar da mafi yawan wannan lokaci a tafiya kawai kafin ya ci wannan nisa. Wannan shi ne abin da kamfanonin yawon ke sayarwa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Tsohon garin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1992 ya kai hekta 866, kogin Vltava ya raba shi biyu, ɗaya ɓangaren kuma duk tuddai ne masu ƙure numfashi.

Sikutar kanta iri biyu ce, kuma bambancinsu ya fi na kamanni. Akwai siririya ta tsaye mai 'yan ƙananan tayoyi, irin wadda ake haya da wayar hannu a yar a gefen titi. Akwai kuma mai ƙaton taya mai faɗi, wata har da wurin zama, wadda masu jagorancin baƙi suka fi amfani da ita. Dukkansu batirin lithium ke tafiyar da su, injin kuma a ɓoye yake cikin cibiyar tayar, shi ya sa babu sarƙa babu giya. Dalilin fifita mai ƙaton taya yana ƙarƙashin ƙafa. Titunan tsohon Firag da duwatsu masu kusurwa huɗu aka daɓe su, tsakanin kowane biyu akwai 'yar tsaga. Ƙaramar taya takan faɗa cikin tsagar ta turje, babba kuwa sai ta hau kai ta wuce. Ga kuma layin taragon cikin gari da ya ratsa tituna: duk tayar da ta shige cikin kwarin ƙarfen nan, mai ita sai ƙasa. Idan aka yi ruwan sama dutsen yakan yi santsi. Wani lissafi kuma da kowane jagoran kirki ya kamata ya sanar da baƙinsa shi ne, in gudu ya ninka sau biyu, nisan da ake bukata kafin birki ya tsayar da mutum yakan ninka kusan sau huɗu.

Inda sikuta ta fi nuna amfaninta shi ne hawan tudun Letná, arewa da kogi. Dattijo mai ciwon gwiwa da matashi ɗan shekara ashirin sukan iso sama tare, babu mai haki. A can akwai wani dandamali na dutse da ya taɓa ɗaukar gunkin Stalin mai tsawon mita goma sha biyar da rabi, wanda aka buɗe a 1955 aka kuma tarwatsa da nakiya a 1962. Tun 1991 wani ƙaton ƙarfe ja mai lilo ne ke kaiwa da komowa a wurin. Daga bakin tudun ana ganin gadoji jere a kan ruwa, ana ganin jajayen rufin gidaje da hasumiyoyin majami'u sun cika ido.

Mutum na farko da aka san ya bar bayanin wannan gari a rubuce da Larabci ya yi shi. Ibrahim ibn Yaƙub, Bayahude daga Tortosa a ƙasar Andalus, ya iso nan wajen shekarar 965. Ya ba da labarin gari ne da aka gina da dutse da farar ƙasa, cike da 'yan kasuwa daga gabas da kudu, Musulmi da Yahudawa da Turkawa, ana cinikin bayi da kuza da fatun dabbobi, ana kuma amfani da wasu 'yan ƙyallaye marasa nauyi a madadin kuɗi. Littafinsa ya ɓace. Abin da ya tsira daga cikinsa game da Firag ya iso mana ne ta hannun al-Bakri, malamin nan na Andalus da ya rubuta Kitab al-Masalik wal-Mamalik a ƙarni na 11, littafin da masu nazarin tarihin Afirka ta Yamma ke dogara da shi wajen sanin tsohuwar daular Gana. Alƙalami ɗaya ke nan ya adana labarin kasuwar zinariya a bakin Sahara da na kasuwar fatu a tsakiyar Turai.

Daga Letná ayari yakan bi ta bayan fadar Firag, wadda aka kafa tun ƙarni na 9. A cikinta ne babbar majami'ar Vitus take, ginin da aka fara a 1344 ba a kammala ba sai 1929. Ta tagar wannan fada ce aka jefo wakilan sarki a 1618, abin da ya kunna wutar yaƙin shekara talatin a Turai. Sai a wuce gidan ibadar Strahov na 1143, a gangara ta gefen tudun Petřín mai hasumiyar ƙarfe ta 1891, a sauko unguwar Malá Strana har bakin ruwa. Duk wannan zagayen hanyoyi ne masu fili, da lambuna, da hawa da gangara. A nan babu wanda zai yi jayayya da sikuta.

Rigimar tana farawa ne idan an iso gada.

Gadar Sarki Karel na Huɗu, wadda aka aza tubalinta a 1357 bayan ambaliyar 1342 ta cinye wadda ta gabace ta, tana da tsawon mita 516, faɗinta kuma bai wuce mita goma ba. Gumaka talatin ne suka jeru a gefunanta. Tun 1965 aka hana mota hawa, ta zama ta masu ƙafa, kuma da rana mutum ba ya iya miƙa hannu bai taɓa wani ba. Daga bakinta hanya ke shiga cikin ainihin tsohon gari, inda lunguna suke murɗewa, wasu ba su fi a yi kafaɗa da kafaɗa mutum huɗu ba. An shata su ne tun zamanin da abin hawa mafi sauri shi ne doki. Jagoran da ya san aikinsa a nan yake ce wa baƙinsa su sauka su tura, ko su ajiye su ƙarasa a ƙafa. Wanda bai sani ba, ko ya sani amma kuɗin ayari na gaba ke gabansa, shi ne ke kutsa mutum takwas cikin taro yana buga ƙararrawa.

Saukar ma riba ce ga baƙon, domin abubuwan da ke cikin wannan yanki ba sa bayyana ga mai gudu. A babban dandalin tsohon gari, a jikin daɓen da ke gaban zauren majalisar birni, akwai fararen alamun gicciye guda 27. Kowane ɗaya yana madadin mutum guda daga cikin shugabannin tawayen da ya fara da jefo wakilan sarki ta taga, waɗanda aka kashe a wurin ranar 21 ga Yuni, 1621. Sai mai kallon ƙasa yake lura da su. A tsakiyar dandalin akwai gunkin Jan Hus, malamin addinin da aka ƙone a 1415 saboda sukar da ya yi wa shugabannin coci. Yawancin gidajen da ke kewaye kuma suna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa waɗanda asalinsu su ne benen ƙasa, kafin a cike garin a ɗaga shi a ƙarni na 13 saboda ambaliya.

Sai agogo. Tun 1410 yake jikin hasumiyar zauren majalisa, kuma babu agogon taurari mai aiki da ya girme shi a duniya. Duk lokacin da awa ta cika da rana, taro yakan daskare a gabansa: wani ƙwarangwal ya ja igiyar ƙararrawa, tagogi biyu su buɗe, siffofin almajiran Annabi Isa goma sha biyu su gifta, zakaran zinariya ya yi cara. Duka bai kai minti ɗaya ba, kuma yawancin baƙi daga nan suke watsewa. Abin takaici ne, domin fuskar agogon ta fi wasan daɗin kallo. An ƙera ta ne a kan tsarin asɗurlabi, na'urar auna taurarin da malaman Musulunci suka inganta ta kuma shiga Turai ta hanyar Andalus. Tana nuna inda rana da wata suke a cikin buruji, tana nuna alfijir da almuru. Zoben waje kuma yana ƙirga tsohon lokacin Bohemiya, yankin da Firag take ciki, wanda awanninsa 24 ke farawa daga faɗuwar rana. Musulmin da ya san cewa daren Juma'a yana shiga ne da magaribar Alhamis ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Kafin ido ya warware waɗannan zobba sai an tsaya cak na kwata ɗin awa, ba tare da tunanin abin hawan da aka bari a jingine ba.

Taku kaɗan daga nan, bayan majami'ar Týn, akwai wani tsakar gida mai ƙofa biyu da ake kira Ungelt. Zango ne. A nan baƙin fatake suke sauka a zamanin da, su sauke kaya, su biya kuɗin fito, su kwana cikin kariyar sarki.

A bayan tagogin gidajen tsohon garin kuma har yanzu akwai mutane da ke zaune, ko da yake yawansu ya ragu ƙwarai tun bayan 1990, yayin da gidaje ke komawa masaukin baƙi na 'yan kwanaki. Birni mai mutum kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ya karɓi masu kwana kimanin miliyan takwas a 2019, kuma kusan dukkansu wannan 'yar da'irar suke nufa. Tsohuwar da ta fito sayen burodi, da uwa mai tura keken jariri, da makaho mai lalube da sanda, su ne ke biyan farashin da ba a rubuta a takardar talla ba. Abin hawan da ba ya ƙara yana da daɗi ga mai hawa, amma ga wanda aka taho ta bayansa tashin hankali ne.

Hukumar birnin ta sha ɗaukar mataki. Segway ce ta fara cika babban dandalin tsohon gari, wato na'urar nan mai taya biyu a gefe da gefe wadda ke daidaita kanta, sai aka hana ta a tsakiyar gari a 2016. Kamfanonin yawon da yawa suka koma kan sikuta mai ƙaton taya, domin dokar ƙasar tana ɗaukar ƙaramar sikutar da gudunta bai wuce kilomita 25 a awa ba tamkar keke. Wannan matsayi yana tafe da sharuɗɗansa: ba a hawa a gefen titin da aka ware wa masu ƙafa, kuma dokar Cek ba ta yarda da ko ɗigon giya a jinin mai tuƙi ba, har da mai keke. A 2018 kamfanin Lime ya shigo da sikutocin haya na wayar hannu, aka wayi gari suna kwance a bakin ƙofofi da mararrabai. A Oktoban 2025 majalisar birnin ta amince da tsarin da ya kawar da irin waɗannan daga tituna tun daga Janairun 2026, ta bar kekunan haya da sikutar da mutum ya saya don kansa. Paris ta riga ta yin haka: a ƙuri'ar da aka kaɗa a Afrilun 2023, kusan kashi 89 cikin ɗari na waɗanda suka fito sun ce a kwashe su, ko da yake waɗanda suka fito ɗin ba su kai kashi takwas cikin ɗari na masu rajista ba. Madrid ma ta soke lasisin kamfanonin a 2024.

Adalci ne a bambanta ayarin da ke da jagora da sikutar da aka yar a hanya. Na farko yana da wanda za a tuhuma, yana da hular kwano da gwaji da hanyar da aka tsara. Amma wannan bambanci yana tsayawa ne muddin jagoran ya yarda cewa akwai iyakar da batir ba zai ƙetare ba, ya kuma gina yawonsa a kan tuddai da bakin kogi, ya bar cikin gari ga sawu.

Duwatsun daɓen ma suna da nasu tarihin. A 2020, lokacin da ake gyaran dandalin Václav, ma'aikata suka juya wasu daga cikinsu sai ga haruffan Ibrananci da shekaru a sassaƙe. Duwatsun kaburburan Yahudawa ne da aka kwaso daga maƙabartu a zamanin mulkin kwaminisanci, aka yayyanka su ƙanana aka shimfiɗa a titi a shekarun 1980. Shekara talatin da ɗoriya takalma da tayoyi suna bi ta kansu. An tattara dubbai aka mayar wa al'ummar Yahudawan birnin, kuma a 2022 aka gina abin tunawa da su a tsohuwar maƙabartar unguwar Žižkov, can gabas da tsohon gari, wajen da'irar da yawancin baƙi ke zagayawa.